Gwanina Ba Ya Tuntuɓe

A ƙasar nan kana iya taka wa mutum ƙafa ya ce ba komai, ka ci bashinsa ya bar ka da Allah. Amma ranar da tsautsayi ya sa ka ce gwaninsa ya yi kuskure, to ka duba hanyar gudu tun kafin ka rufe baki. Hausawa sun ce ɗan Adam tara yake bai cika goma ba, kuma kowa ya yarda da wannan magana, muddin a kan gwanin wani ake yin ta. Nawa kam goma ne cif, har da gyara.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne abin da muke ɗauka daga wurin gwanayen. Ba ma taɓa mai nauyin. Hula muke ɗauka, da aski, da salon tafiya, da yadda yake gyara murya kafin ya yi magana.

Je gidan kallon ƙwallo ranar Asabar ka ga masoyin Ronaldo. Ya yi askin, ya sa riga mai lamba 7, in an ci ƙwallo ya daka tsalle ya juya a sama ya dira da ƙafafu a ware, benci na kuka. Shi Ronaldon ya bar tsibirin Madeira yana ɗan shekara 12 ya tafi Lisbon neman horo, kuma a 2021 duniya ta ga ya ture kwalaben Coca-Cola daga gabansa a taron 'yan jarida, ya ɗaga gorar ruwa. Namu Ronaldon yana kallon wasan da lemon kwalba a hannun dama, tsire a hannun hagu, tumbi ya ɗage lamba 7 ta koma kusa da wuya. Gudun da ya yi na ƙarshe shi ne ranar da kare ya biyo shi.

Kuma ba ya magana da maƙwabcinsa, saboda maƙwabcin na Messi ne, kuma tun da Ajantina ta ɗauki kofin duniya a Katar a 2022 ba a sake zaman lafiya a layin ba. Ana gab da fara gasar nan aka fitar da hoton Messi da Ronaldo zaune a teburi ɗaya suna wasan dara irin na Turawa, tallar wani kamfanin jakunkuna. Su biyu sun karɓi kuɗinsu sun yi gaba. Maƙwabtan nan kuwa har yau ɗaya ba ya ara wa ɗaya guga. Son maso wani ke nan, ƙoshin wahala.

Sai ajin masu son zama Ɗangote. Ɗan ƙanwata ya dawo daga wani taron zaburar da matasa, ido ya yi ja don himma, ya ce, "Kawu, ka san Ɗangote da sayar da alewa ya fara?" Na ce na ji. Ai shi da kansa ya sha ba da labarin yadda yake sayen kwalin alewa yana sayarwa tun yana firamare. Abin da mai laccar ya manta, wataƙila saboda ƙurewar lokaci, shi ne cewa yaron nan mai alewa jikan Alhaji Sanusi Ɗantata ne, kuma tattaɓa-kunnen Alhassan Ɗantata, wanda lokacin da ya rasu a 1955 ake lissafa shi attajirin da ya fi kowa a Afirka ta Yamma. Jarin da ya fara kasuwanci da shi a 1977 ma rance ne daga cikin dangi. Wannan bai rage masa ƙoƙari ba, domin jikokin masu kuɗi nawa ne suka cinye gado suka koma zaman majalisa? Amma labarin da aka cire kaka daga ciki ya zama tatsuniya. Na ce wa yaron, "Ɗana, alewa kam zan saya maka kwali guda. Kakan ne ban san kasuwar da ake sayar da shi ba."

Duk wannan wasan yara ne idan aka zo fagen siyasa. A nan ne so yake hana ganin laifi har ya hana ganin rami.

Ba a taɓa yin ɗan takara a Kano da bai ce shi magajin Malam Aminu Kano ne ba. Hoton Malam na gefen fosta, ɗan ƙarami, na ɗan takara ya cika sauran takardar. Malam ya ajiye aikin koyarwa ya rungumi NEPU a 1950, lokacin da shiga jam'iyyar ke jawo wa mutum bulala da gidan yari. Ya rasu a 1983, kuma gidansa na Mambayya yana nan a Gwammaja, Jami'ar Bayero ta mayar da wurin cibiyar nazarin dimokuraɗiyya. Wanda ya ga ɗakin da ya zauna ya san irin rayuwar da ya yi. Magajin nasa kuwa sai ya iso taron tunawa da shi cikin jerin motoci masu baƙin gilashi, jiniya na korar talakawan da aka zo yin jawabi a kansu. Ya hau mumbari ya share ƙwalla, ya ce Malam bai tara abin duniya ba. Gaskiya ne. Shi ya sa magajin ya ɗauki nauyin tarawa a madadinsa.

Mu mabiya kuma ma'auni biyu kawai muke da su: waliyyi ko shaiɗan. A 2015, da marigayi Muhammadu Buhari ya ci zaɓe, har wani bawan Allah ya tako da ƙafa daga Legas zuwa Abuja don murna. A lokacin, in ka ce mutum ɗaya ba zai iya gyara Nijeriya ba, sai a tambaye ka nawa aka biya ka. Da farashin buhun shinkafa ya fara hawa, bakunan da suka yi ta "Sai Baba" su ne suka koma cewa dama su tun farko sun hango. Ba wanda ya tsaya a tsakiya ya ce ga inda ya yi daidai, ga inda ya gaza. Tsakiya ba ta da magoya baya, kuma ba a yi mata waƙa.

Su kansu manyan ba sa ɗaukar abin da zafi kamar mu. Kwankwaso da Shekarau sun shafe shekaru suna hamayya tun zaɓen 2003, sojojin bakansu sun ƙarar da murya a gidajen rediyo, yaransu sun ƙarar da data a Facebook. Kwatsam a 2022 sai ga su a jam'iyya ɗaya, NNPP. Dare ɗaya aka kwana ana goge tsofaffin rubuce-rubuce, ana neman kalmomin yabo ga mutumin da jiya aka ce ba ya da alheri ko na ƙwayar zarra. Ba a gama haddace sabon yabon ba, bayan 'yan watanni Shekarau ya fice ya koma PDP. Wanda ya goge zagi ya rasa inda zai samo shi, dole ya zauna ya sake rubutawa daga farko.

Ka lura da bayan adaidaita-sahu in kun tsaya a danja. Hoton jagoran bana an manna shi a kan na bara, na bara a kan na bariya, gefe ya ɗan ɗago, kana hango kunnen wani tsohon gwani da rabin hularsa suna leƙowa, kamar tsohuwar miya a ƙarƙashin sabon tuwo.

Akwai wani mai buga fosta da nake zama a shagonsa. Jar hula, farar hula, tsintsiya, lema, 'yan fim, 'yan ƙwallo, duk injinsa ya ratsa fuskokinsu, kuma shi ne ke goge musu ƙuraje da tamoji a kwamfuta kafin masoya su gani su ce kai, wannan fuska akwai annuri. Na tambaye shi, "Alhaji, kai a cikinsu wane ne gwaninka?"

Bai ko ɗago kai daga lissafin da yake yi ba. Ya ce, "Malam, wanda ya biya cikon kuɗin aiki kafin a faɗi sakamakon zaɓe."