Kwamfuta Mai Yawan Tambaya

A Diggi, cikin ƙaramar hukumar Kalgo, mai cajin waya ya daɗe da gama karatun tura fayil daga na'ura zuwa na'ura. Ka miƙa masa wayarka, ya buɗe Xender, waya ɗaya ta buɗe Wi-Fi, ɗayar ta kama, fim ɗin Kannywood ya ƙaura kafin ka gama lissafa canjinka. Ba data, ba intanet. Wayoyin ne suka shimfiɗa 'yar hanyarsu tsakaninsu.

Sai ga ɗan jami'a ya dawo hutu daga Birnin Kebbi, zai haɗa kwamfutoci biyu su yi musayar takardu. Ya jona su kan Wi-Fi guda. Windows ta noƙe, wai sai an tabbatar mata hanyar ta gida ce, ba ta jama'a ba. Aka tabbatar. Ta ce a ba su izinin ganin juna, kamar masu neman aure. Aka bayar. Ta nemi kalmar sirri, wadda mai kwamfutar ya manta tun ranar da ya saye ta. Ana cikin tunani batir ya ƙare.

Da filashi aka kwashe takardun a ƙarshe. Mai cajin ne ya ba shi haya.