Gwanayen da Fentin Rufin J5 Ke Tarawa

Kamfanin Peugeot ya fara ƙera J5 a 1981, a masana'antar da ya haɗa gwiwa da Fiat a Italiya, ya daina a farkon shekarun 1990. Amma har gobe motar na jigilar tumatir da albasa daga Arewa zuwa Kudu. Wanda ya sayi tsohuwa ya kafa ta a ƙofar gida yana gyarawa da kansa, komai kan tafi masa daidai har ya zo kan rufi. Tsayinta ya haura mita 2, hannu ba ya kai tsakiya, na ƙasa kuma ba ya ganin sama. Masu fenti da rufin suke farawa, don kada feshi ya sauko ya ɓata gefen da aka gama. Ranar fentin rufin ce unguwa ke fito da gwanayenta.

Na farko shi ne Malam Wa-zai-gani. Yana zuwa da carbi a hannu, ya ɗaga kai, ya ce, "Haba Alhaji, rufi kuma? Wa zai gani, in ba shaho ba?" A faɗa masa rufin ne ke shan rana da ruwa, tsatsa kuma daga magudanar gefensa take farawa har ruwa ya riƙa ɗiga kan direba. Zai gyaɗa kai, ya ce gaskiya ne, ya sake tambaya wa zai gani.

Sai mai riƙon tsani. Shi ya kawo kansa, har da rantsuwar ko girgizar ƙasa aka yi ba zai saki ba. Maigida na kaiwa matakala ta ƙarshe, gwangwanin fenti a hannun hagu, bindigar feshi a dama, sai waya ta yi ƙara. Da hannu ɗaya yake amsawa, ɗayan kuma yana kwatanta wa wanda ba ya ganinsa hanyar gidan suna.

Akwai injiniyan ƙasa. Bai taɓa taka tsanin ba, daga kan benci yake aikinsa, da rake a bakinsa. "Ka bar wuri can! A'a, can, wajen dama!" Ya taɓa kwana biyu a Panteka ta Kaduna jiran a gyara masa salansa, tun daga nan ya zama malamin fenti. Abin haushin, rabin maganarsa daidai ce: a goge da sanfefa sai tsatsa ta fita, a cike ramuka da fila, a riƙe bindiga kamar taƙi ɗaya daga ƙarfe, a yayyafa ruwa a ƙasa don ƙurar hunturu ta kwanta. Sai dai yakan faɗe su ne bayan an gama wurin.

Gwarzon ranar shi ne ɗan tsalle, yawanci ƙanen maigida. Ana shawarar a jera durom biyu a kowane gefe, a ɗora katako, a fara daga tsakiya a yo baki. Shi kuwa tuni ya cire takalmi ya haye. Farantin rufi siriri ne, kowane taku sai ya ce ɓam, ya bar kwari. Daga baki yake farawa, ya zagaye kansa da ɗanyen fenti, har ya tsinci kansa a tsakiya, tsugune kamar kaza a kan ƙwai, yana kira, "Yaya, ta ina zan sauka?"

Kada a manta da mai tattali. An aike shi kasuwar Ƙofar Ruwa ya sayo tina, ya dawo da rabin abin da aka ce, da canji a aljihu, da fatawar cewa fetur ma yana tsinka fenti. Washegari rufin ya dushe, wani wurin ya yi kurji. Araha dai ba ta ado.

Mai yatsa ba ya magana. Yakan jira kowa ya tafi salla, ya hau tsani a hankali, ya dangwala don ya ji ko ya bushe. Bai bushe ba. Sai ya gwada wani wurin, ko can ya bushe.

Uwargida takan fito ne daga ƙarshe, ta tarar da zanin gadon aurenta lulluɓe da gilashin gaba. Ita da maƙwabcin da baƙin babur ɗinsa ya wayi gari da fararen ɗigo, ba su cika doguwar magana ba. Lissafi suke kawowa.

Mutum ɗaya ne ke ganin aikin yadda yake: Hajiya mai bene. Daga tagarta ta ga kwarin, ta ga sawun yatsa, ta ga inda fenti ya zubo. Da aka tambaye ta, cewa ta yi, "Sannunku da ƙoƙari."

Bayan mako guda mota ta isa Kwanar Gafan ɗaukar tumatir. Ɗan lodi ya haye da takalmin roba, ya ja kwando daga wannan baki zuwa wancan, ya leƙo ƙasa ya ce, "Maigida, rufin nan naka yana da santsi. Da ka bar shi yadda yake."