Yadda Birnin Oakland Ya Shirya Biyan 'Yan Sanda da Kuɗin Wiwi

A watan Yulin 2010 hukumar birnin Oakland, da ke jihar Kalifoniya a Amurka, ta yi manyan ayyuka biyu, tsakaninsu mako guda. Ta fara da sallamar 'yan sanda 80 saboda babu kuɗin biyansu. Da mako ya zagayo, majalisar birnin ta zauna ta amince a ba da lasisin manyan gonakin tabar wiwi guda huɗu a cikin gari. Masu saurin yanke hukunci sun ce tufka da warwara ake yi. Rashin sanin aikin gwamnati ne ya sa su faɗin haka. Matakan biyu amsa ce ga tambaya ɗaya, wato ina kuɗi, kuma duk wanda ya bi lissafin a tsanake zai ga kowane mataki da dalilinsa. Sai an haɗa su wuri ɗaya ne kan mutum ke ɗan juyawa.

Mu fara da aljihu. A lokacin Oakland gari ne mai mutum wajen dubu 390, da babbar tashar jiragen ruwa, yana hangen San Faransisko a tsallake. Kamar sauran biranen jihar, da harajin gidaje da na ciniki yake rayuwa. Tun 1978 mutanen Kalifoniya suka jefa ƙuri'a suka ɗaure harajin gida tamau: ba ya wuce kashi ɗaya cikin ɗari na ƙimar gidan, kuma haraji na musamman ba ya tabbata sai kashi biyu cikin uku na masu zaɓe sun yarda. Ma'ana, ba a karɓar kuɗin mutum sai an tambaye shi, kuma an lura mutane sukan ce a'a. Da kasuwar gidaje ta rushe a 2008, abin da ke shigowa ya ƙara tsukewa, har kasafin 2010 ya zo da giɓin da ya kai dala miliyan 30. Wajen kashi uku cikin huɗu na babban asusun birnin kuwa 'yan sanda da 'yan kwana-kwana ke cinyewa. Ko da an rufe ɗakunan karatu an daina yanke ciyawar lambuna, ramin ba zai cike ba.

Sai aka juya kan fansho. A lokacin ɗan sandan Oakland ba ya zuba ko sisi a asusun fanshonsa, hukuma ce ke biyan nata kason ta kuma biya nasa. Aka roƙe su su fara ba da kashi 9 cikin ɗari na albashi. Ƙungiyarsu ta ce ta yarda, da sharaɗin ba za a sallami kowa ba har shekara uku. Hukuma ta ce shekara ɗaya kaɗai za ta iya yin alkawari. Kowa ya tsaya a kan bakarsa, aka tashi baram-baram, mutum 80 suka miƙa bindiga da lamba. Da yake ƙa'ida ta ce wanda ya zo daga baya shi ke fara tafiya, waɗanda aka sallama su ne sabbin jini masu iya gudu.

A nan ne shugaban 'yan sandan birnin, Anthony Batts, ya yi abin da ya cancanci yabo ta fuskar tsara aiki. Ya fitar da jerin abubuwa 44 da daga ranar ba za a ƙara tura ɗan sanda a kansu ba, matuƙar mai laifin ya riga ya tafi kuma babu wanda ransa ke cikin haɗari. Akwai fasa gida, akwai sata ƙarama da babba, da ɓarnata dukiya, da almubazzaranci da kuɗin amana, da cek na bogi, da sojan gona da sunan wani, da satar lambar mota, da zubar da shara inda bai dace ba, da kiɗa mai ƙara. Satar kare ma an ware mata layinta. Wanda abin ya shafa zai hau intanet ya cike fom, a ba shi lamba ya kai wa kamfanin inshora. Idan kwamfutar ce aka sace, wannan kuma tsakaninsa da maƙwabta.

Kada mai karatu ya ɗauka an halatta sata. Sata na nan a matsayinta na laifi, kotu na nan, kurkuku na nan. Zuwan ɗan sanda kawai aka cire. An kuma wallafa jerin a jaridu domin kowa ya san inda ya tsaya, kuma babu wata doka da ta hana ɓarawo karanta jarida.

Akwai wani ƙulli da ya kamata a warware kafin a wuce. A 2004 mutanen Oakland sun amince da wani haraji na musamman, mai kawo wajen dala miliyan 20 a shekara, domin ƙarin 'yan sanda da ayyukan rage tashin hankali. Don kada hukuma ta yi musu wayo, suka sa sharaɗi: ba za a karɓi harajin ba sai birnin ya ware kuɗin 'yan sanda 739 daga aljihunsa. Da aka sallami mutum 80, adadin ya faɗo ƙasa da haka. Saboda haka birnin ya rage 'yan sanda don ya tsimi kuɗi, ragewar kuma ta hana shi karɓar kuɗin da ake biyan 'yan sanda da shi. Sai da aka koma wa masu zaɓe a watan Nuwamba suka cire sharaɗin da suka sa da hannunsu.

To, ina wiwi ta shigo? Ai ta daɗe a zaure tana jiran a ce mata bismilla. A 1996 Kalifoniya ta zama jiha ta farko a Amurka da ta yarda mara lafiya ya yi amfani da ita idan likita ya ba shi shawara. An yi dokar ne da masu ciwon daji da masu cutar ƙanjamau a zuciya, mutanen da magani ya hana su cin abinci, kuma su kam buƙatarsu ba abin wasa ba ce. Sai dai dokar ta ƙara da cewa har da duk wata cuta da wiwi ke sauƙaƙawa. Cikin 'yan shekaru aka gano ciwon baya da rashin barci sun yi wa samarin jihar katutu fiye da yadda likitoci suka zata.

Oakland ba ta taɓa jin kunyar wannan ganye ba. A 1998, da gwamnatin tarayya ta taso wa wata ƙungiya mai raba wa majinyata wiwi, majalisar birnin ta duba dokar tarayya ta ga an ba jami'an hukuma kariya idan suna riƙe da ƙwaya a bakin aiki. Nan take ta naɗa ma'aikatan ƙungiyar jami'an birni. Alƙali bai gamsu ba, kuma a 2001 Kotun Ƙoli ta yanke cewa larurar rashin lafiya ba hujja ba ce a dokar tarayya. Wannan bai sa Oakland ta karaya ba. A 2004 ta ba kantunan wiwi huɗu lasisi, masu zaɓe kuma suka umarci 'yan sanda su mayar da kamen manya masu shan wiwi can ƙarshen jerin ayyukansu. A 2007 wani mai suna Richard Lee ya buɗe makaranta mai suna Oaksterdam, inda ake koyar da shuka, da girbi, da doka, da yadda ake tarbar mai saye, a ba ɗalibi takardar shaida ya rataye a bango.

A watan Yulin 2009 aka ga abin da ba kasafai ake gani ba: 'yan kasuwa suna roƙon a sa musu haraji. Masu kantunan da kansu suka tallata shirin, mutane wajen kashi 80 cikin ɗari suka amince, aka sa dala 18 a kan kowace dala dubu ta ciniki. Oakland ta zama birni na farko a Amurka mai harajin wiwi na musamman. Masu kantunan ba kyauta suke yi ba. Sun san hukumar da ta saba da kuɗinka ba ta son ganin ƙofarka a garƙame. Abin da aka yi hasashen samu a shekarar farko bai kai dala dubu 300 ba. Ɗan sanda ɗaya kuwa, idan aka haɗa albashi da fansho da inshorar lafiya, yana cin fiye da dala dubu 100 nesa ba kusa ba. Wato duk majinyatan Oakland, da na gaske da masu ciwon baya, idan suka dage da shan magani shekara guda cur, za su iya riƙe 'yan sanda biyu. Saura 78.

Masana lissafi za su ga mafita biyu ce: ko a ƙara majinyata, ko a ƙara noma. Hukuma ta zaɓi noma. Aka tsara a ba mutum huɗu izinin mayar da manyan sito-sito na unguwannin masana'antu gonakin cikin ɗaki, da fitilu da bututun ruwa da masu gadi. Kowanne zai biya dala 211,000 a shekara kuɗin lasisi, ban da haraji. Hujjar da aka kawo tana da nauyi: masu noma a ɓoye cikin gidaje suna jona wuta barkatai, gobara na tashi, 'yan fashi na kai musu ziyara. Ƙananan manoma suka cika zauren majalisa suna kukan manyan 'yan jari-hujja za su kashe musu sana'ar da suka sha ɗauri a kanta. A shekarar ce kuma ƙungiyoyin ƙwadago suka fara yi wa ma'aikatan wiwi rajista, da katin ƙungiya da maganar fansho. Ana iya cewa a 2010 mai gyaran ganyen wiwi a Oakland ya fi sabon ɗan sanda kwanciyar hankali a wurin aiki.

Abu ɗaya aka manta, shi ne Washinton. Dokar tarayya ta 1970 ta ajiye wiwi a rukuni na ɗaya, layi ɗaya da hodar heroin, rukunin abubuwan da aka ce ba su da wani amfani a likitance. Saboda haka ganye ɗaya, a hannun mutum ɗaya, a kan titi ɗaya, magani ne a idon jiha, kuɗin shiga ne a idon birni, ƙwaya ce a idon tarayya. Babbar mai gabatar da ƙara ta yankin, Nancy O'Malley, ta rubuto ta tunatar da 'yan majalisa cewa su ma ana iya gurfanar da su. Lauyan birnin, John Russo, ya ƙi sa hannu. A watan Disamba majalisa ta dakatar da shirin domin ƙarin nazari, a Fabrairun 2011 kuma lauyar gwamnatin tarayya Melinda Haag ta aiko da wasiƙar da ta kammala musu nazarin. Ba a shuka ko tsiro ɗaya ba.

Masu zaɓe su ma sun faɗi nasu a Nuwamban 2010. Aka tambaye su ko kowane gida zai ƙara dala 360 a shekara don 'yan sanda, suka ce a'a. Aka tambaye su ko a ɗaga harajin wiwi zuwa kashi 5 cikin ɗari, suka ce ƙwarai kuwa. Ra'ayinsu bai sauya ba tun 1978: haraji abu ne mai kyau idan wani ne zai biya.

Kada a zaci gwamnatin tarayya ta ƙyamaci kuɗin. A 1981 wani dillalin ƙwaya a Minneapolis ya je kotun haraji ya nemi a cire masa kuɗin haya da na waya da na sikeli daga ribarsa, kamar kowane ɗan kasuwa, kuma ya yi nasara. Majalisar dokokin ƙasa ta fusata, a 1982 ta yi dokar da ta hana mai fataucin ƙwaya irin wannan rangwame. Da wannan doka hukumar haraji ta IRS ta bi Harborside, kantin wiwi mafi girma a Oakland, bashin fiye da dala miliyan 2 a 2011. Bayanin a sauƙaƙe shi ne: sana'arka haramun ce, don haka harajinka ya fi na kowa. Da yake bankuna ma suna tsoron taɓa kuɗin, masu kantuna da yawa da tsabar kuɗi a jaka suke zuwa biyan hukuma.

A Afrilun 2012 jami'an tarayya suka kai samame makarantar Oaksterdam suka kwashe tsirrai da takardu. A Yuli suka nemi ƙwace ginin Harborside. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma a nan Oakland ta nuna ta san kunya: a watan Oktoba birnin ya maka gwamnatin tarayya a kotu don kare kantin wiwi. Kotu ta kori ƙarar birnin, amma shari'ar ƙwace ginin ta yi ta jan ƙafa har tarayya ta gaji ta janye a 2016. Ita tarayya ladan ta ci, askin ne ba ta yi ba.

A shekarar ta 2016 mutanen Kalifoniya suka halatta wiwi ga duk wanda ya kai shekara 21, ranar 1 ga Janairun 2018 aka fara sayarwa ba tare da takardar likita ba, ciwon baya kuma ya ragu a jihar ba tare da an yi wa kowa allura ba. A Nuwamban 2021 gungun ɓarayi suka yi ta fasa kantuna da sito-sito na wiwi a Oakland cikin 'yan kwanaki, masu su suka ce asarar ta kai miliyoyin daloli. Suka taru a ƙofar ofishin hukumar birni suka kira 'yan jarida. Ƙorafinsu shi ne 'yan sanda ba sa zuwa a kan kari, buƙatarsu kuma a ɗage musu haraji.