Wai Ba A Sarki Biyu A Kiɗan Fim

Na san abin da kuke faɗa a bayan idona. Wai ga mutumin nan da fim zai ƙare, kowa ya miƙe ya karkaɗe riga, shi kuwa ya kafe yana karanta sunayen da ke hawa allo kamar mai duba sakamakon jarrabawa. Na amsa laifina. Sunan masu kiɗan nake nema, kuma in na ga suna biyu a jere sai in ƙara gyara zama.

A nan kuke tare ni. Kun ce ba a sarki biyu a gari ɗaya, dole ɗaya ne ya yi gumi, ɗayan ya ci bulus. To, malamaina, ku matso.

A 2008 Christopher Nolan ya fitar da The Dark Knight. Mutum biyu ya ba kiɗan: Hans Zimmer, Bajamushe, da James Newton Howard, Ba'amurke, waɗanda dama sun yi masa Batman Begins tare a 2005. Sai suka raba gona. Cikin mutanen labarin, Zimmer ya ɗauki Joker, Howard ya ɗauki Harvey Dent. Abin da Zimmer ya yi wa Joker ko kiɗa ba za ka kira shi ba. Sauti ne guda da ake ja a kan tsirkiyar babban goge, yana ta hawa ba ya sauka, kamar sauron da ya nufo kunnenka cikin duhu ka rasa ta inda zai sauka. Ranar da na fara jin sa sai da na waiga bayana, alhali ni kaɗai ne a ɗakin. Shi kuwa Howard ya ba Dent kiɗa mai nutsuwa da kwarjini, irin na mutumin kirkin da ake yi wa makoki tun yana raye. Wanda zuciyarsa ta haifi wancan sauron, ina zai samo wannan taushin a mako guda?

Kada ku ce na ɓoye hujjarku. Masu ba da kyautar Oska ma ra'ayinku suka fara bi: sun cire kiɗan daga gasa saboda sunaye biyar da suka gani a takardar aikin. Bayan 'yan makonni suka lashe amansu. Kiɗan dai bai kai ga Oska ba, amma ya ɗauki Grammy a 2009. Da aka zo kashi na uku na finafinan Batman ɗin a 2012, Zimmer ya yi shi ba Howard. Ganguna sun yi ƙara har ƙirji na amsawa, ban musa ba, sai dai kunnena ya yi ta neman wancan taushin bai samu ba.

Yanzu bari in dawo kanku, ku da kuka tashi a gaban finafinan Indiya. Alhaji, kai da ka haddace waƙoƙin Amar Akbar Anthony na 1977 ba tare da ka san ma'anar kalma ɗaya ba, wa ya yi kiɗan? Laxmikant-Pyarelal, ko? To ba sunan mutum da na mahaifinsa ba ne, mutum biyu ne, abokan juna. Fim ɗin Don na Amitabh Bachchan, 1978, Kalyanji da Anandji ne, wa da ƙane. Ke kuma Hajiya, da kika jiƙe gefen mayafi da hawaye a kan Kuch Kuch Hota Hai a 1998, kina cewa tsiron albasa ne, Jatin da Lalit ne suka sa ki kukan, su ma 'yan'uwan juna, kuma su ne suka yi Dilwale Dulhania Le Jayenge a 1995. Shekara da shekaru kuna shan miyar hannu biyu kuna lashe kwano, yau kuma kun zo kuna koya mini cewa hannu biyu ɓata miya yake yi.

Wanda ya san tun farko cewa Jatin-Lalit mutum biyu ne, ya ɗaga hannu. Kai malam na can baya, sauke naka, na ga lokacin da ka zaro waya daga aljihu.