Wasiƙa Daga Manchesta: An Sayo Mini Tsaka

Zuwa ga taubashina kuma bawana na gado,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Kawu da Inna. Mu ma nan lafiya lau, sai dai ruwan sama da bai san rani ba, bai san damina ba.

Dalilin rubuto maka wannan wasiƙa shi ne kada ka ji a bakin wani. Akwai tsaka a gidana. Ba ta ƙofa ko ta taga ta shigo ba, sayo ta aka yi da kuɗi, fam ɗin Ingila, har da rasit. 'Yarka Auta ce ta kafe sai an saya mata, uwarta ta goya mata baya. Da aka koma makaranta sai ɗawainiyar ta dawo kaina. Ni da ka sani a unguwa ba a kai ni saurin cire takalmi in an ga tsaka a bango, yau ni ne mai kai mata ruwa da safe. Kuma ko zuciya ta raya mini wani abu, akwai dokar kula da dabbobi ta 2006, ga ƙungiyar RSPCA da ke iya gurfanar da mutum a kotu in ya wulaƙanta dabbar da yake kiwo.

Ba irin tamu ta bango ba ce. Wannan rawaya ce mai ɗigo-ɗigon damisa, asalinta duwatsu da busassun filayen Afganistan da Pakistan da arewa maso yammacin Indiya. Tsawonta kusan taƙi guda. Tana da fatar ido, tana ƙiftawa, tana rufe ido ta yi barci. Tafin ƙafarta ba ya manne wa gilashi, saboda haka ba za ta taɓa faɗo wa kowa cikin miya daga rufi ba. Cikin akwatin gilashi take, gefe guda da ɗumin digiri 30 zuwa 32, ɗaya gefen da sanyi-sanyi, ta zaɓi inda ranta ke so. Ni kuwa ina falo cikin rigar sanyi biyu, ina tsoron takardar kuɗin gas.

Abin da na koya a wannan bauta shi ne, duk abin da zai tsinka maka zuciya a halinta lafiya ce, abin da kuma ba za ka kula ba shi ne ciwon. Ran da ta fara saɓa sai ta yi fari fat, ta dusashe. Auta ta fasa kuka, ni kuma na soma duba inda ƙasa ke da laushi a bayan gida. Kafin gari ya waye ta tuɓe fatar da bakinta, ta cinye abinta tas, ta fito fes. Haka babba ke yi duk bayan wata ɗaya ko biyu, ƙanana kuma sun fi yawan yi. Tana lashe idonta da harshe. Tana wuni a ɓoye, sai magariba ta fito kiwo. In ta hango gyare sai ƙarshen jelarta ya riƙa karkarwa kafin ta cafke shi. In kuwa ta ɗaga jelar tana kaɗawa a hankali, ta tsorata ke nan, janye hannunka. Da hunturu takan rage ci, ta yi kwanaki tana kallon abinci tana kau da kai. Kashinta kuwa a kusurwa ɗaya take yi kullum, ladabin da ban gani ba a wurin awakinka. Ɗan farin da ke manne da shi fitsarinta ne, a daskare yake fita. Kuma da yake mace ce, takan saka ƙwai bibbiyu ko ba namiji. Na tsare Auta da tambayoyi kafin likita ya wanke kowa.

E, likita. Tana da likitan dabbobi, da kati mai sunanta, da ranar komawa. Shi ya nuna mini inda haɗarin yake. Na farko jela. A nan take tara kitse, kamar yadda kake tara naka a tumbi tun da ka samu kwangila. In jelar ta yi ɓul-ɓul, alhamdulillahi. In ta soma tsukewa tana zama tsinke, ga rama ga zawo, to a kai kashi a gwada, don akwai tsutsar ciki, akwai kuma wata muguwar cutar hanji da masu kiwon ke kira kirifto, mai yaɗuwa da wuyar magani. Ba a kuma kama ta ta jela. In ta firgita sai ta yar da ita, wata ta tsiro gajeruwa dunƙulalliya, ba ta kai ta farko kyau ba.

Na biyu ƙashi. Gyare da tsutsa da fara take ci, masu rai, amma ba a ba ta haka nan. Sai na zuba su a leda, na barbaɗa hodar kalsiyam da bitamin D3, na girgiza sun yi fari. In ta rasa wannan ƙashinta zai yi laushi, muƙamuƙi ya saki, ƙafafu su lanƙwashe, ta riƙa jan ciki. Kuma su kansu ƙwarin sai an ciyar da su karas da ganye tukuna, domin su yi mata amfani. Wato ina kiwon abincin abin da nake kiwo. Farar da za mu soya da yaji mu cinye a bakin titi, ita nake saya a kwali ina miƙa wa tsaka da hantsaki.

Na uku zai ba ka dariya. Muna yara ana tsorata mu cewa tsaka na jawo kuturta. To, ita ce ke cikin haɗarin rasa yatsu. In saɓa ta maƙale a yatsa ta bushe, sai ta shaƙe jini har yatsan ya guntule. Shi ya sa take da ɗan ɗaki mai jiƙaƙƙiyar gansakuka, kuma bayan kowace saɓa nakan sa tabarau na ƙirga mata yatsu ashirin. Yashi ma likita ya ce a yi hankali da shi, musamman ga ƙanana, don takan haɗiye shi tare da abinci ya toshe mata hanji. Abin da muke tsoro daga gare ta guda ne, ƙwayar salmonela da dabbobi irinta ke ɗauke da ita, rigakafinta kuma wanke hannu da sabulu.

A shagon da nake sayen fara na ga wata 'yar uwarta mai ƙatuwar jela, asalinta ƙasashenmu, daga Senegal har Kamaru, da Najeriya a ciki. Da na ga kuɗin da aka rubuta a jikin akwatinta sai na tuna da kai. Amma kada ka ɗauki buhu ka shiga daji, ba ni da kuɗin belinka.

An ce mini tsakar gidana takan yi shekara 15 zuwa 20 in ta samu kula. Na yi lissafi, Auta za ta yi aure tsakar na nan. Na riga na yanke hukunci, cikin kayan ɗaki za ta tafi, kuma tunda kai ne waliyyi, kai za ka yi wa dangin ango bayani.

Ka gaishe da Kawu da Inna da amaryarka da yara. In an samu mai zuwa, a aiko mini da kuka da daddawa da yaji. Maganar tsaka kuma ta tsaya tsakaninmu. In Inna ta tambayi abin da nake kiwo a Turai, ka ce mata damisa ce, ƙarama.

Naka, ubangidanka,
Taubashinka na Manchesta