Harsashi Ɗaya, Baki Goma

A Tsarnawa, inda titin Tawa ya rabu da babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi, da zarar an kai hatsi rumbu sai teburin mai shayi ya koma majalisar maharba. Gardamar ba ta tsufa: in mutum zai riƙe harsashi iri ɗaya tak, na zabo da na gyado duka, wanne ne?

Mai Waya ke fara buɗe baki. Ko ƙadangare bai taɓa kayarwa da danƙo ba, amma ya sha kallon Turawa a YouTube. Ya san harsashin .30-06 da sojan Amurka suka ɗauka a 1906, ya san .375 na Holland & Holland na Landan, ɗan 1912, wanda ake tarar ɓauna da shi. Na biyun ya zaɓa. Ka ce masa in ya sami zabo ko gashinsa ba za a tsinta ba, sai ya tausaya maka don ba ka waye ba.

Baba Mai Adaka kuwa, tambayar ma raini ce a wurinsa. Maƙeri ya ƙera masa bindigar tun yana saurayi. Ta baki yake ɗura mata albarushi, ya danna tsumma da tsinke, abin da zai biyo baya kuma sai wanda aljihu ya bayar ranar nan. Shi ya sa mai cin namansa yake tauna a hankali, don haƙori ya sha gamuwa da ƙarfen keke. Harbi ɗaya gare shi. Ƙara ta tashi, hayaƙi ya rufe shi, kafin ya washe zomo ya doshi Malbaza. "Ɗana, ya samu," in ji Baba, yana murza kafaɗa. "Can gaba zai faɗi." Har yau ba a kai gaban nan ba.

Akwai tsohon ma'aikaci mai bindiga kalibar 12. Takardar izininsa na cikin leda uku, ya haddace dokar farauta ta 1998 fiye da ma'aikatan gandun daji. A ganina shi ya fi kusa da gaskiya: bindiga ɗaya, ƙananan ƙwayoyi ga tsuntsu, manya ga mai ƙafa huɗu. Matsalarsa tsada. Harsashi biyu ne a jakarsa tun zamanin mulkin Tanja, kuma har yanzu bai ga dabbar da ta cancanci ɗaya ba.

Mai Layu bai damu da ƙarfe ba. Duk abin da ya kuskure, ba dabba ba ce, rikiɗa ta yi.

Can gefe Mai Kare ke zaune, ba ya tanka kowa. Gora gare shi da karnuka ramammu, kuma shi kaɗai ke dawowa da abu a rataye, gafiya ko zomo. Ya san abin da sauran ba sa son faɗi, cewa fadamar Maggiya albasar Galmi ta cinye ta, tudu kuma gero da dawa. Ranar fita daji duk sukan bi bayansa. Kare ya kama zomo, maza su taru a kansa, Baba na rantsuwa harbinsa ne ya gajiyar da shi, Mai Layu na cewa shi ya ɗaure masa ƙafa, Mai Waya na roƙo a ba shi ya riƙe a ɗauke shi hoto.