Injin da ya ƙi bin hanya

A Affala, inda itace ya yi ƙaranci har sai an yi tafiya kafin a samu gungume mai kauri, akwai injin zarto mai sarƙa da ya yanke shawarar ba zai ƙara yanka a miƙe ba. A ɗora shi kan busasshen reshen bedi, a nufi ƙasa. Shi kuwa sai ya karkata, kamar jakin da ya hango dusa a gidan maƙwabta.

Masana sun hallara a gindin bishiya. Wani ya ce itacen na da aljani. Wani ya ce man da aka zuba na bakin hanya ne, ba ya ɗaukar albarka. Wani tsoho ya ce injin tsoron 'yan gandun daji yake, shi ya sa yake neman hanyar gudu.

Ba wanda ya dubi haƙoran sarƙar. Jere suke, ɗaya na dama, ɗaya na hagu. Mai injin na-dama ne, kullum gefen da hannunsa ya fi jin daɗi yake gogawa da magagari. Gefe guda ya yi kaifi, ɗayan ya dakushe, injin ya bi mai kaifin. Ƙarfen da sarƙar ke zagayawa ma ya cinye ta gefe ɗaya.

Wani yaro mai gyaran babur daga Tahoua ya daidaita haƙoran, ya juya ƙarfen, ya ɗaure sarƙar da ta yi sako-sako. Injin ya yanka sak.

Tsohon dai ya ce ranar 'yan gandun daji ba su shigo gari ba ne.